Yadda Ake Adana Tsofaffin Dabarun Wasa Har Su Yi Amfani Wata Rana

Tambayar da masu koyon ƙirƙirar wasanni suka fi yi mini ita ce, me mutum zai yi da tarin dabarun da ya fara ya bari. Wani yana da littattafan rubutu uku cike da zane-zane, wani kuma kwamfutarsa maƙare take da wasannin da ba su wuce matakin farko ba, kuma kowannensu yana ganin kamar aikin banza ya yi. Amsar da nake bayarwa kullum ita ce kada a zubar da komai, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai tarawa daban, adanawa daban. Dabarar da aka ajiye ba tare da an rubuta abin da ya tsayar da ita ba, bayan shekara biyu mai ita ma ba zai gane ta ba, balle ya san ko lokacinta ya yi. Ga yadda nake bi da nawa, ko wasan kwamfuta ne, ko na waya, ko na kati da ake bugawa a kan tebur.

1. Ka zaɓi ma'ajiya guda ɗaya

Kafin ka taɓa ko da takarda ɗaya, ka yanke shawarar inda komai zai riƙa zama. Sharuɗɗan wurin uku ne: ka iya bincika kalma a cikinsa, ka iya buɗe shi a waya da kwamfuta, sannan ka iya kwashe kayanka ka bar shi duk ranar da ka ga dama. Sharaɗi na ukun ne mutane suka fi yi wa sakaci.

Ni na fi son rubutu zalla, wato fayil ɗin da kowace irin kwamfuta za ta buɗe ba tare da wata manhaja ta musamman ba. Manhajojin rubutu na Obsidian da Joplin duk kyauta ne, kuma rubutunka yana zama a cikin na'urarka. Notion da Trello sun fi daɗin gani, suna da tsarin kyauta, amma kayanka a hannun kamfani suke, don haka duk wanda ya zaɓe su sai ya riƙa sauke kwafi lokaci-lokaci. Asusun Google yana zuwa da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi rubutu da hotuna na shekaru, ko da yake bidiyo yana saurin cinye shi. Abin da ka iya kashe wa kuɗi a dukan wannan aiki bai wuce littafin rubutu na aljihu da faifan ajiya na waje guda ɗaya ba.

*Gargaɗi:* kada ka ɓata mako guda kana gwada manhajoji da ƙawata shafuka. Na ga mutane da yawa da suka gina kyakkyawar ma'ajiya mai launuka, amma babu dabara ko goma a ciki. Ka zaɓa a yini ɗaya ka wuce.

2. Ka tattaro abin da ya warwatse

Wannan aikin zama ɗaya ne ko biyu. Ka duba tsofaffin littattafai, da saƙonnin da ka tura wa kanka, da muryoyin da ka naɗa a waya, da tsohuwar kwamfutar da ka daina amfani da ita. Duk shafin takarda ka ɗauke shi hoto a wuri mai haske. Duk muryar da ka naɗa ka saurare ta, ka rubuta abin da ke ciki a layi biyu, domin ba a iya bincika kalma a cikin murya yadda ake yi a rubutu. Ka zuba su duka a jaka ɗaya mai suna "sababbin shigowa".

*A kula:* a wannan mataki ba a tacewa kuma ba a gogewa. Kunyar abin da ka rubuta kana ƙarami za ta sa ka jefar da abin da ya fi kowane daraja.

3. Ka yi wa kowace dabara katinta

Nan ne ainihin aikin yake farawa. Kowace dabara tana samun shafi nata ita kaɗai, kuma shafin yana amsa tambayoyi biyar iri ɗaya: yaushe ta zo, me ɗan wasa yake yi da hannunsa, me ke hana shi cin nasara, wane irin yanayi kake so ya ji a ransa, kuma me ya tsayar da aikin. Sunan fayil ya fara da shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2021-03-14, saboda kwamfuta ta jera su da kanta bisa tsari.

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar katin. A wani tsohon littafina na taɓa samun layin da na rubuta da babban baƙi har na ja masa layi biyu a ƙasa: "gada mai mantuwa". Na zauna na fi rabin sa'a ina kallonsa, na san a daren da na rubuta shi na ga wani abu da ya hana ni barci, amma ban iya dawo da shi ba har yau. Tun daga ranar na daina rubuta suna kawai, na koma rubuta aiki. Ga yadda wani kati nawa yake yanzu:

"Ɗan wasa yana tafiya a kan fale-falen dutse, taku ɗaya a kowane juyi. Duk dutsen da ya ɗaga ƙafa daga kansa yana faɗawa rami, don haka ba ya komawa baya. Dole ya taka dukan duwatsun kafin ƙofa ta buɗe. Abin da nake so ya ji shi ne fargabar mai tsallaka rafi a kan itace. Na tsaya ne saboda mutum uku da suka gwada sun maƙale tun a ɗaki na huɗu, kuma sake farawa daga tushe ya gundure su."

Layi biyar ne kacal, amma ko baƙo ya karanta zai iya zana wasan a takarda. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: in wanda bai san ka ba zai fahimci katin, to kai ma za ka fahimta bayan shekara biyar. Ka haɗa da zane ko da ba ka iya zane ba, domin murabba'ai da kibiyoyi sun fi sakin layi uku bayyana motsi.

Daga ƙarshe ka sa wa katin lakabi biyu ko uku don sauƙin nema, kamar "mutum biyu", "wasan kati", "tsalle", "wasa ƙwaƙwalwa".

*Gargaɗi:* lakabi ya bi aikin da ake yi a wasan. In ka riƙa sa irin su "mai kyau" ko "muhimmi", wata rana rabin ma'ajiyar za ta zama muhimmiya, lakabin kuma ya rasa amfani.

4. Ka rubuta abin da ya tsayar da ita, da gaskiya

Na ware wa wannan tambaya mataki nata saboda ita ce ke mayar da tarkace dukiya. Dabara ba kasafai take tsayawa don ba ta da kyau ba. Yawanci wani abu ne takamaimai ya tare ta, kuma irin waɗannan abubuwa suna gushewa. A nawa lissafin sun kasu gida huɗu. Akwai ƙarancin ƙwarewa, wato kai ne ba ka iya ba tukuna. Akwai gazawar na'ura ko injin wasa, wato manhajar da ake gina wasa da ita. Akwai girman aiki, inda dabarar ke buƙatar mutum goma alhali kai kaɗai ne. Sannan akwai rashin mazauni, wato dabarar tana aiki amma ba ta dace da wasan da aka sa ta a ciki ba.

Amfanin rarrabewar shi ne kowane gida yana da ranar da ƙofarsa ke buɗewa. Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya so jarumin wasansa Mario ya hau wata dabba tun bayan fitowar Super Mario Bros. a 1985, amma Famicom, na'urar wasan Nintendo ta wancan lokacin, ba ta da ƙarfin ɗaukar hakan. Da sabuwar na'ura ta zo, sai ga dabbar, mai suna Yoshi, a Super Mario World a 1990. Wannan gazawar na'ura ce, kuma maganinta jira. Misalin da ya fi burge ni kuwa na gida na huɗu ne. Dabarar barin mutum ya zana fuskarsa ya shigar da ita cikin wasa, Miyamoto ya gwada ta tun zamanin Famicom, aka sake gwadawa a na'urar 64DD, aka kuma gwadawa a na'urar GameCube, ba ta sami gindin zama ba sai a 2006 da ta fito da sunan Mii a na'urar Wii, inda wasannin motsa jiki na iyali suka ba ta aikin yi. Kusan shekara ashirin ke nan tana jiran gidan da zai karɓe ta.

Don haka a ƙarƙashin dalilin ka ƙara layi ɗaya da ke farawa da "zan dawo kanta idan". Zan dawo kanta idan na koyi haɗa 'yan wasa ta intanet. Zan dawo kanta idan na sami mai zane. A katin duwatsun nan da na nuna, abin da na rubuta shi ne zan dawo idan na sami hanyar da kuskure ɗaya ba zai mayar da mutum farko ba.

*Gargaɗi:* "na gaji" da "ba ta yi daɗi ba" ba dalilai ba ne da za su taimake ka. Ka matsa wa kanka har ka gano daga ina rashin daɗin ya fara: a minti na nawa, a wane ɗaki, bayan wane motsi. In gaskiyar magana ita ce wata sabuwar dabara ce ta ɗauke maka hankali, to ka rubuta haka, domin irin wannan katin shi ne ya fi kusa da farfaɗowa.

5. Ka raba ƙa'idar wasa da rigar da ta sa

Kowace dabara tana zuwa da riga: labari, da jarumi, da duniyar da abin ke faruwa. Ƙa'idar kuwa ita ce abin da ya rage bayan an tuɓe rigar. Sau da yawa ɗayansu ne ya mutu, ɗayan yana nan da ransa. Saboda haka duk babban aikin da ya rushe, ka fasa shi gunduwa-gunduwa, ka yi wa kowane yanki kati dabam: tsarin faɗa, tsarin ciniki, wani jarumi da ka ƙaunata, taswirar wani gari, har sautin da ka haɗa.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi. Blizzard ta shafe shekaru tana gina wani katafaren wasa mai suna Titan, ta sanar da soke shi a 2014, amma daga ɓaraguzansa aka ɗebi abin da aka gina Overwatch na 2016, har jarumar nan Tracer ta samo asali ne daga wani rukunin mayaƙa na Titan. A Capcom kuma, wani yunƙuri na yin Resident Evil 4 ya karkata ga faɗa mai zafi har ya daina kama da wasan ban tsoro, sai aka canza masa riga ya fito a matsayin Devil May Cry a 2001.

*A kula:* kowane yanki ka rubuta masa sunan aikin da ya fito daga ciki, domin ka iya komawa ka ga yadda ya yi aiki tare da 'yan'uwansa.

6. Ka adana samfurin gwaji yadda zai sake buɗuwa

Rubutu ba ya lalacewa da sauƙi, amma wasan da aka fara ginawa yana mutuwa a zaune. Injin wasa yana sabuntuwa, tsohon aiki ya ƙi buɗuwa. Wanda ya gina wasa a injin Godot 3 ya san cewa mayar da shi Godot 4 aiki ne na musamman, waɗanda kuma suka yi wasanninsu da manhajar Flash sun ga yadda kamfanin Adobe ya daina tallafa mata a ƙarshen 2020. Don haka ranar da ka yanke shawarar ajiye wani samfuri, ka yi abubuwa huɗu a jere kafin ka rufe shi.

Da farko ka naɗi bidiyon minti biyu ko uku kana buga wasan, kana bayani da bakinka. Manhajar naɗar bidiyo ta OBS Studio kyauta ce kuma ta isa. Wannan ne mafi muhimmanci, domin gani ya kori ji, kuma bidiyo zai buɗu ko da komai ya ƙi. Na biyu, ka fitar da kwafin wasan wanda ake bugawa kai tsaye ba sai an buɗe injin ba. Na uku, ka adana dukan fayilolin aikin, kuma hanya mafi kyau ita ce manhajar Git, wadda ke riƙe kowane canji da ka ajiye a cikinta. Shafin GitHub, inda ake ajiye ayyukan Git a intanet, yana ba da ma'ajiyar sirri kyauta, sai dai ba ya karɓar fayil guda da ya haura megabait 100 ta hanyar da aka saba, don haka manyan bidiyo da sautuka a nema musu wani wuri. Na huɗu, ka rubuta ɗan gajeren bayani da ke faɗin sunan injin, da lambar sigarsa daidai, da maɓallan da ake dannawa.

Mai wasan tebur aikinsa ya fi sauƙi. Ya shimfiɗa wasan kamar ana tsakiyar bugawa ya ɗauki hoto daga sama, ya rubuta dokokin a shafi ɗaya, ya zuba katunan da 'ya'yan wasan a ambulan guda ya rubuta suna da kwanan wata a bayansa.

*Gargaɗi:* kada ka ce za ka yi gobe. Washegarin ranar da ka bar aiki, rabin abin da ke kanka game da shi ya riga ya tafi.

7. Ka yi kwafi uku

Ƙa'idar da masu adana bayanai suka sani ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A aikace wannan yana nufin kwamfutarka, da faifan waje, da ma'ajiyar intanet.

*Gargaɗi:* jakar da ke daidaita kanta da intanet ba ta isa zama kwafi ita kaɗai ba, domin in ka goge abu a nan zai goge a can. Sau biyu a shekara ka ɗauki fayil ɗaya daga faifan wajen ka buɗe, ka tabbatar yana aiki.

8. Ka sa ranar bita

Ma'ajiyar da ba a buɗewa kabari ce. Ina ware sa'a ɗaya duk bayan wata uku, kuma ina ƙara wata bitar a lokuta biyu: duk sanda na koyi sabon abu, da duk sanda na maƙale a aikin da nake kai. A bitar ba na karanta komai daga farko. Ina bin layukan "zan dawo kanta idan" kawai, ina tambayar kaina ko akwai sharaɗin da ya cika.

Bayan haka sai in zaro kati biyu ba tare da zaɓe ba, in ajiye su gefe da gefe, in ga ko ɗaya zai warware matsalar ɗaya. Ta wannan hanya katin duwatsun ya tashi. Ya haɗu da wani kati da na rubuta shekara biyu bayansa, game da agogon da ke mayar da lokaci baya taku uku kacal a kowane ɗaki. Agogon ba shi da wasan da zai zauna a ciki, duwatsun kuma ba su da hanyar yafe kuskure. Da na haɗa su a takarda, mutumin da ya gwada ya wuce ɗaki na huɗu, ya tsaya a na bakwai yana ƙirga sauran damarsa da yatsu kafin ya ɗaga ƙafa. Wannan ita ce fargabar da na rubuta a katin tun farko.

Duk abin da ya zo maka a lokacin bita ka rubuta shi a ƙasan katin da sabon kwanan wata.

*Gargaɗi:* kada ka goge tsohon rubutu ka maye gurbinsa da sabo. Ganin yadda tunaninka ya sauya a kan dabara ɗaya darasi ne da ba za ka samu a wani wuri ba. Haka kuma kada bita ta zama hanyar gudun aikin da ke gabanka, domin taura biyu ba ta taunuwa. In tsohuwar dabara ta kama ka alhali kana tsakiyar wani wasa, ka rubuta abin da ka gani, ka sa mata rana, ka koma bakin aikinka.

9. Ka farfaɗo da ita da ƙaramin gwaji

Idan sharaɗi ya cika, kada ka buɗe tsohon aikin ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka ɗauki ƙa'idar kawai, ka sake gina ta sabuwa fil cikin kwana biyu ko uku, da murabba'ai marasa ado ko da takarda da almakashi. Hannunka na yau ya fi na wancan lokacin, kuma gyaran tsohon gini yakan ci lokaci fiye da sabon tubali. Gasannin haɗa wasa cikin ƙanƙanin lokaci suna da amfani a nan, irin su Ludum Dare mai sa'a 48 ko 72, da Global Game Jam da ake yi a watan Janairu, matuƙar dokokin gasar da jigonta sun ba da dama. Ƙananan gwaje-gwaje irin waɗannan sun haifi manyan wasanni. Celeste na 2018 ya faro ne daga ɗan wasan da Maddy Thorson da Noel Berry suka haɗa cikin kwana huɗu a 2015, jarumin Hollow Knight na 2017 kuma ya fara bayyana ne a wani ƙaramin wasan gasa na 2013 mai suna Hungry Knight.

Kafin ka fara gwajin ka rubuta tambaya ɗaya da kake so ya amsa, misali ko mutum zai nemi sake bugawa ba tare da an roƙe shi ba. Ka ba mutum uku zuwa biyar su gwada, ka zauna a gefe ka yi shiru, kana rubuta inda suka yi dariya da inda suka ajiye. In amsar ta fito da kyau, dabarar ta bar ma'ajiya ta zama aiki. In ba ta fito ba, ka mayar da ita da sabon dalili da sabon bidiyo, kamar yadda matakai na huɗu da na shida suka nuna.

*Gargaɗi:* kafin ka fitar da wasan ga jama'a, ka tabbatar da wanda ya mallaki abin da ke ciki. In dabarar ta taso ne lokacin da kake yi wa wani kamfani aiki, ka koma ka karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu, domin da yawa daga cikinsu suna ba kamfani mallakar abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aiki. In da aboki kuka fara, ka neme shi ku yi magana, ku rubuta abin da kuka amince a kai tun kafin kuɗi ya shigo tsakani. Hotuna da sautukan da ka ɗauko daga intanet don gwaji kuwa, ka duba lasisin kowanne ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka san asalinsa ba ka cire shi ka sa naka.